Injin Wanke-Wanke: Sabo Ko Tsohon Yayi? Tambayoyi Da Amsoshi Ga Mai Shirin Saye

Injin wanke-wanke bai zama gama-gari a gidajenmu ba kamar firij ko injin wanki, amma ya fara shiga kicin ɗin mutane, kuma mai son saye yakan tarar da hanya biyu a gabansa: sabo fil a kwali, ko na hannu da aka kwaso daga Turai ko Amurka. A can ɗin kuwa, inda injin ya daɗe, mutane da yawa na cewa na da ya fi ƙarko, na yanzu kwalliya ce kawai. Tun da tsofaffin nasu ne suke ƙarewa a kasuwanninmu, maganar ta shafe mu kai tsaye. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Da gaske ne injinan da sun fi na yanzu ƙarko?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Injin shekarun 1980 da 1990 ba shi da sarƙaƙiya. Mota ce guda mai nauyi, da agogon da ake murzawa yana juyawa a hankali yana kunna wannan yana kashe wancan, da hita a ƙasa. Idan ya lalace, bakanike mai filaya da sukundireba zai iya gano matsalar da idonsa. Na yanzu kuwa yana da fanel na lantarki wanda shi ne ƙwaƙwalwarsa, da na'urori masu auna zafin ruwa da dauɗarsa da yawansa. Duk wani sashe da aka ƙara, an ƙara wurin da zai iya lalacewa, kuma fanel idan ya ƙone sau da yawa sai dai a sauya shi ɗungurungum.

Sai dai akwai abin da masu yabon tsoho suke mantawa. Injin da ya kai shekara talatin yana aiki, shi ne wanda ya tsira. 'Yan'uwansa da aka ƙera tare da shi, waɗanda suka mutu a shekara ta shida ko ta takwas, tuni 'yan gwangwan suka kwashe su, ba mai tunawa da su. Saboda haka abin da ake kwatantawa shi ne zakaran gwajin dafi na jiya da matsakaicin yau, kuma wannan awo ba adalci a cikinsa. Ƙiyasin da aka saba yi wa injin gida shi ne kimanin shekara goma. Wasu sukan wuce haka nesa, wasu ba sa kaiwa.

To me sabon ya fi tsohon da shi?

Ruwa da wuta da shiru. A Amurka, injinan da aka ƙera kafin 1994 sukan sha galan 10 ko fiye a wanki ɗaya, wato wajen lita 38. Dokar da ta fara aiki a can a 2013 ta hana babban injin gida ya wuce galan 5, kusan lita 19, kuma masu tambarin tattalin makamashi na Energy Star tun daga 2023 ba sa wuce galan 3.2, wajen lita 12. Na Turai na yanzu, a tsarin tattali da suke kira Eco, yawanci tsakanin lita 9 ne zuwa 11. Wato jarka ɗaya ta mai ga-ruwa mai lita 25 za ta yi wanki biyu har a rage saura.

Mafi yawan wutar da injin yake ci wajen dumama ruwa take tafiya, don haka da ruwa ya ragu sai wuta ma ta ragu. Sabon injin Turai a tsarin tattali bai cika kai yunit ɗaya na mita ba. Ƙara kuma ta sauka sosai: tsofaffi sukan kai desibel 60, har sai an ɗaga murya a kicin, na yanzu kuwa da yawansu tsakanin 42 ne da 48.

Me ya sa sabo yake shafe awa uku yana wanki, alhali tsoho awa ɗaya ya gama?

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma ba lalacewa ba ce. Abubuwa huɗu ne suke fitar da dauɗa: zafin ruwa, ƙarfin fesawa, sabulu, da lokaci. Idan aka rage biyu, dole a ƙara ɗaya. Tsohon injin yana wanki da ruwa mai yawa mai zafin gaske. Sabo yana juya ɗan ruwan nan ne yana maimaitawa, a zafi kamar digiri 50, yana bai wa sabulu lokaci ya ci dauɗar. Shi ya sa tsarin tattali yake kai awa uku zuwa huɗu, amma duk da tsawonsa ya fi gajeren tsari sauƙin cin wuta.

A wurinmu dai wannan tsawo yana da illa da ba ta dami Bajamushe ba, domin ba kowace unguwa ake samun wuta awa huɗu a jere ba. Don haka kafin ka saya, duba ko injin yana da tsarin awa ɗaya mai zafi, kamar digiri 60 ko 65. Zai ƙara cin wuta kaɗan, amma zai gama kafin a ɗauke. Yawancin injinan, idan wuta ta dawo, sukan ci gaba daga inda suka tsaya.

Ana cewa na yanzu ba sa fitar da kwano tas. Laifin injin ne?

Sau da yawa laifin matata ne da sabulu. Tsofaffin injinan Amurka suna da wani abin niƙa a ƙasa mai markaɗe ragowar abinci ya tura shi magudana, kuma shi ne rabin ƙararsu. Na yanzu yawanci matata suke da ita, wata 'yar kurtu mai raga a tsakiyar gindin injin, wadda ake murɗawa a ciro da hannu. Wanda bai san da ita ba zai yi wata shida bai taɓa ta ba. Ranar da ya ciro ta sai ya tarar da ƙwayoyin shinkafa da suka kumbura, 'ya'yan tumatir da na attarugu, da wani farin maiƙo da ya daskare a jikin ragar yana wari. Da wannan ruwan ake ɗauraye kwanukan. A wanke ta da tsohon buroshi a ƙarƙashin famfo sau ɗaya a mako, a kuma tsokale ramukan hannuwan fesa ruwa da tsinken sakace, sai a ga aiki ya dawo.

Shi ma sabulun ya canja. A 2010 jihohi da dama a Amurka suka taƙaita sinadarin fosfet a sabulun injin saboda yadda yake lalata tafkuna da koguna, Tarayyar Turai ma ta bi sahu daga Janairun 2017. A lokacin mutane sun ga farin hazo a kofunansu suka ɗora wa injin laifi. Sabulun yau ya dogara ne da sinadarai masu narkar da sitaci da furotin, kuma suna son lokaci. Shi ya sa ma ba a buƙatar ɗauraye kwano kafin a saka shi. A kankare ragowar abinci a zubar, shi ke nan. Idan aka saka kwano fes, na'urar da take auna dauɗar ruwa za ta ɗauka aikin kaɗan ne ta gajarta wankin.

Kada a kuskura a zuba sabulun ruwa na wanke-wanken hannu ko omo a ciki. Kumfa zai cika injin ya malalo ta ƙofa. Sabulun injin daban yake, kuma yana da kaifi, yana ƙona baki da ido, don haka a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Me ya sa robobi suke fitowa a jiƙe?

Tsofaffi suna da hita a fili wadda take gasa kayan har su bushe, wani lokaci ma ta narkar da murfin roba idan ya faɗo ƙasa. Sababbi da yawa suna barin zafin ɗaurayar ƙarshe ne ya yi aikin, tururi ya taru a bangon ƙarfe ya gangara. Tangaran da gilashi suna riƙe zafi sai su bushe, roba kuwa ba ta riƙewa. Ruwan ɗauraya na musamman da ake zubawa a jikin ƙofa yana taimakawa ƙwarai, haka ma injin da yake buɗe ƙofarsa da kansa idan ya gama. Bosch da Siemens suna da masu busarwa da wani dutse mai suna ziyolait, suna kuma busar da roba sosai, amma da tsada. Ni dai ban ga dalilin ƙara kuɗi mai yawa a kan wannan ba a ƙasar da iska take busar da kwano cikin minti goma.

Yaya zan gane injin da za a dogara da shi?

Nan ne ya kamata a daɗe. Tambaya ta farko ita ce: idan ya lalace, wa zai gyara, kuma daga ina kayan gyaran za su zo? Injin da ya fi kowane kyau a duniya, idan famfon fitar da ruwansa ya mutu kuma babu irinsa a ƙasar, ya zama kabad. Kafin ka biya, tambayi mai shago inda wurin gyaran kamfanin yake, ka karɓi lambar, ka kira da kanka. Ka ce musu kana son farashin famfon fitar da ruwa, da hita, da fanel na wannan samfurin. Yadda suka amsa zai gaya maka fiye da abin da ke rubuce a kwali. A karɓi garanti a rubuce, da hatimi da kwanan wata, a kuma karanta ko ya haɗa da lalacewar da hawa da saukar wuta ta jawo, domin yawanci bai haɗa ba.

Akwai wata doka ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2021 wadda take da amfani ko ga mu da muke nesa. Ta wajabta wa kamfanoni su tanadi kayan gyaran injin wanke-wanke na aƙalla shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, wasu kayan kamar robar ƙofa, hannuwan fesa ruwa, matata da kwandunan ciki har shekara goma. Dokar ba ta aiki a Kano ko Maraɗi, amma tana nufin cewa samfurin da ake sayarwa a Turai, kayansa suna nan a wani wuri, ana iya aikowa da su. A ranar ne kuma aka sauya takardar makamashi da ake liƙawa, aka koma ma'auni mai matakai daga A, wanda ya fi tattali, zuwa G. Tana nuna wutar da injin zai ci a wanki 100, da litar ruwa a kowane wanki, da tsawon lokaci, da ƙara. Injin da yake C ko D a sabon ma'auni ba rago ba ne, ma'aunin ne aka tsaurara.

Sannan a duba jikinsa. Cikin da aka yi da baƙin ƙarfe mara tsatsa ya fi na roba jure zafi da busarwa. A ja kwandunan waje a mayar, a ji ko tayoyinsu suna tafiya sumul ko suna sarƙewa. A buɗe ƙofa rabi a sake ta, a ga ko tana tsayawa ko faɗowa take yi. A tambaya ko yana da na'urar tsayar da ruwa idan ya fara yoyo. Yawan maɓallai da haɗa shi da waya ta intanet ba su ƙara masa kwana ko ɗaya.

Wane kamfani ne ya fi?

Suna ba ya nuna inda aka ƙera kaya kamar da. Bosch, Siemens, Neff da Gaggenau duk gida ɗaya ne, kamfanin BSH na Jamus. Beko na Arçelik ne na Turkiyya, wanda a 2024 ya haɗe da harkar Whirlpool ta Turai. Haier na Sin ya sayi sashen kayan gida na GE a 2016, Hisense kuma ya sayi Gorenje a 2018. Miele, wanda ya fara ƙera injin wanke-wanke mai lantarki tun 1929, yana cewa yana gwada kayansa daidai da aikin shekara ashirin, kuma farashinsa ya nuna haka. Kowane kamfani yana da na ƙasa da na sama, kuma na tsakiya ne yawanci ya fi dacewa da kuɗinsa. Ra'ayina shi ne matsakaicin injin da yake da wakili a garinku ya fi mashahurin da sai an yi oda daga Hambag kafin a sami robar ƙofarsa.

Na hannu fa, irin wanda ake kawowa daga waje? Ga shi da araha.

A fara duba daga ina ya fito. Wutar Najeriya da Nijar da Gana duk dangin bolt 220 zuwa 240 ce mai zagaye 50. Ta Amurka da Kanada 120 ce mai zagaye 60. Taransifoma za ta rage ƙarfin wutar amma ba za ta canja zagayen ba, don haka motar injin za ta yi tafiyar hawainiya tana zafi. Ƙari a kan haka, injinan Amurka an yi su ne a jona su da bututun ruwan zafi mai kusan digiri 49, abin da gidajenmu kaɗan ne suke da shi a kicin. Na Amurka dai a haƙura da shi ko nawa aka karya. Na Ingila da Jamus wutarsu ɗaya da tamu, kuma da kansu suke dumama ruwan sanyi.

Idan na Turai ne, kada a saya sai an jona shi an ga ya ja ruwa, ya dumama, ya fitar. Bayan minti ashirin a taɓa ƙofar a ji ɗumi. A leƙa ƙasansa da tocila: farin bushewar ruwa ko tsatsa a farantin ƙasa alama ce ta tsohon yoyo. A duba haƙoran kwanduna, domin idan rufinsu ya ɓare suka fara tsatsa, za su riƙa ɗiga jan tabo a faranti. A Bosch da Siemens, lambar E15 tana nufin ruwa ya taru a gindi, E24 kuma ruwa ba ya fita. Akwai takarda a gefen ƙofa mai lambar samfuri, da ita ake gano shekarunsa.

Wannan lambar tana da wani amfani mai muhimmanci. Tsofaffin ma sun yi nasu aibin. A 2009 an janye dubban ɗaruruwan injinan Bosch da Siemens a Amurka, waɗanda aka ƙera tsakanin 1999 da 2005, saboda fanel ɗinsu kan yi zafi har ya kama wuta, a 2010 kuma kamfanin Maytag ya janye kimanin miliyan 1.7 saboda hita. Wanda aka janye a can ba a gyara ba yana iya ƙarewa a kwantena. A bincika lambar a shafin kamfanin kafin a kai shi gida.

Janareta ko sola za su ɗauke shi?

Jimillar wutar da yake ci kaɗan ce. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawa a Najeriya, a Afrilun 2024, wanki ɗaya a tsarin tattali ya kama wajen naira 200 a lokacin. Matsalar tana lokacin da hita ta kama, inda yake jan wat 1,800 zuwa 2,400 a lokaci guda na wasu mintoci. Ƙaramin janareta ba zai iya ba. Mai sola yana buƙatar inbata ta kVA 3.5 ko sama, kuma ya kunna da tsakar rana lokacin da faranti suke bayarwa, ba da dare a kan batir ba.

Babban makashin sabon injin a wurinmu shi ne wutar da take dawowa da ƙarfi. A nan kam tsoho mai agogon murɗawa ya fi juriya. Saboda haka kuɗin sitabilaiza mai kVA 5 da na'urar da take jinkirta shigar wuta bayan an dawo da ita, a lissafa su cikin kuɗin injin tun farko. A kuma sa mai wayarin ya tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa ta gaske, domin akwatin ƙarfe ne mai ruwa a ciki, mata da yara za su riƙa taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu.

Ruwanmu na burtsatse ne, daga tanki yake saukowa. Zai yi?

Injin yana son ruwa mai ƙarfi. Da yawa daga na Turai suna neman aƙalla rabin "bar" (ma'aunin ƙarfin ruwa ke nan), kuma kowace mita 10 ta tsayin tanki tana ba da kusan "bar" ɗaya. Ke nan tankin da bai kai mita biyar sama da injin ba, ruwansa zai yi rauni, injin ya yi ta jira har ya nuna kuskure. Ƙaramin famfon ƙara ƙarfi yana magance wannan. A sa matata a bakin bututun saboda yashi.

Idan butarku ta lantarki tana yin farin ɓawo a ciki, ruwanku mai nauyi ne, kuma haka zai yi wa hitar injin. Na Turai suna da rumbun gishiri a ƙasa don tausasa ruwa. Gishirinsa daban ne, mai manyan ƙwayoyi. Gishirin miya yana da wasu abubuwa da aka ƙara masa waɗanda suke toshe wurin. Kafin a sayi injin, a tabbatar ana samun wannan gishiri da sabulun a garin, domin saye ne na kowane wata.

Zai wanke tukunyar tuwo?

Uwargida ce ta fi yin wannan tambaya, kuma gara a gaya mata gaskiya tun kafin a kashe kuɗi. An auna injin nan ne da teburin Bature: faranti shimfiɗaɗɗe, kofi, cokali, gilashi. Mai faɗin santimita 60 yana ɗaukar kayan mutum 12 zuwa 14 a wannan lissafi, mai 45 kuma 9 zuwa 10. Ƙanzon da ya kama gindin tukunya ba zai fita ba sai an jiƙa an kankare kamar kullum. Tukunyar dalma ma ba a sa ta, domin sabulun yana dusar da ita ta yi baƙi-baƙi. Muciya, akushi, ƙwarya, ludayin duma da duk wani abu na itace, zafi zai tsaga su. Kular abinci kuwa ruwa kan shige tsakanin bangonta biyu ta daina riƙe zafi. Manja yana rina farar roba, kuma injin ba ya mayar da ita.

Inda yake burgewa shi ne tangaran, gilashi, kwanukan silba, cokula da kwalaben jarirai. Maiƙon miyar taushe ko na farfesu da yake sa a yi ta cuɗa da soso, ruwa mai digiri 65 yana narkar da shi tas, zafin da hannu ba zai jure ba. Ki ɗauki tiren da kika fi amfani da shi da babbar tukunyar silbarki ki je da su shagon, ki gwada ko za su shiga ba tare da sun tare hannun fesa ruwa ba. Injin da ake iya ɗaga kwandonsa na sama da kwantar da haƙoran na ƙasa shi ya fi dacewa da irin girkinmu. Wuƙaƙe kuma kullum tsininsu ya kalli ƙasa.

Da gaske ya fi wanke hannu tattalin ruwa?

Binciken da ake yawan ambata na Jami'ar Bon ne a Jamus, inda aka ga Turawa suna kashe sama da lita 100 a matsakaici wajen wanke kayan mutum 12 da hannu. Amma da yawansu a ƙarƙashin famfo mai zuba suke wankewa. Yarinyar da take wanke-wanke da roba biyu a tsakar gida, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya, ba ta kusa da wannan adadi. Injin zai iya fin ta tattali idan an cika shi, amma ratar ba ta kai yadda talla take faɗa ba. Ribarsa a gidajenmu ita ce lokaci, da hutun baya da hannu, da tsaftar ruwan zafi.

Ina da tsoho yana aiki. In sauya shi?

Idan yana wankewa, ba ya yoyo, kuma lambarsa ba ta cikin waɗanda aka janye, a bar shi ya ci gaba. Famfon fitar da ruwa, bawul ɗin shigar ruwa, robar ƙofa da tayoyin kwando duk ƙananan gyare-gyare ne da suka cancanci a yi. Idan kuwa ya haura shekara goma kuma babbar mota ko fanel ne ya tafi, ko cikinsa ya huje, ko kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabo, a sauya. Wanda yake sayen ruwa a jarka ko yake kan sola shi ma yana da dalilin sauyawa da wuri, domin bambancin lita 38 da lita 10 kullum a aljihunsa zai gan shi. Ko tsoho ko sabo, a toshe ramin da bututu ya bi ta bango, saboda ɓera da kyankyaso suna son ɗumin ƙasan injin, kuma su ne suke cinye wayoyi su lalata fanel.